Tsakiyar Zangarniya

Jikana da ke zuwa lakwal, makarantar boko, a Magarya ya matsa mini in ba shi labarin tafiyata Lakwaja, wai zai rubuta a takarda. Na ce masa takarda ba baƙuwata ba ce, na ɗauke ta a kaina tun ubansa bai zo duniya ba, sai dai tawa ciyawa ce a cikinta. Ya yi dariya, yana tsammanin tsufa ne ke magana. To ga shi nan, wanda ya ga dama ya yarda.

Sunana Nomau, don a tsakiyar noma aka haife ni, a wani ɗan ƙauye gabas da Waca. Bayan shekarun da ciwo ya share shanun ƙasar nan, tun Faransawa ba su zo Damagaram ba, wani Bature ya sauka garinmu da kaka. Ta hamada ya ɓullo tare da ayarin Larabawa. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, gemunsa fari. Hausarsa a Tarabulus ya koye ta wurin alhazai, kalma ɗaya-ɗaya yake ajiyewa kamar mai shuka. Ya ce shi limamin Nasara ne a ƙasarsu. Muka gyara zama muna jiran ya fara wa'azi mu kore shi, sai muka gan shi durƙushe gindin sabara yana leƙen fure da wani ɗan madubi. Kafin azahar yara sun raɗa masa Malam Ganye.

A tsakar gidanmu ya tarar da mahaifiyata, Iya, tana zaɓen zangarniyun iri. Geron gidanmu ba irin na kowa ba ne, Ɗan Gwamma muke ce masa. Kakata Gwamma ce ta gan shi wata shekara ta yunwa, kara guda a gefen gona, ya nuna tun sauran ba su fid da kai ba, ga gashi ja-ja a jikin zangarniyar har tsuntsu ya kasa zama. Da yunwar da komai ta ƙi ci, ta ɓoye shi. Daga wannan karan muka samu geron da ke riskarmu a lokacin da rumbu ya ƙare, sabo bai zo ba. Malam Ganye ya tsuguna ya yi ta kallon zangarniyun kamar ya ga ɗan'uwansa. Iya ta ɗauki wadda ta fi kowacce cika ta miƙa masa a gaban mutane, don baƙo ba ya yaba abu ya tafi hannu wofi.

Malam Ganye na neman mai jaki zuwa Kano, ni kuma rani ya shigo, ƙafata na ƙaiƙayi. Yadda na fita da abin da matata ta ce mini a bakin zaure, wannan namu ne.

Kano ta tsorata ni. Mutane kamar an fasa gidan tururuwa, kuma ba wanda ya tambaye ni ɗan wane ne ni. Muka sauka gidan wani fatoma kusa da marina, hannun kowa a unguwar shuɗi. Aikina shi ne takardun Malam. Yakan tsinko ganye da fure ya shimfiɗa tsakanin takardu masu kaushi, ya danne da alluna biyu, ya ɗaure da igiyar fata. Kullum sai an sauya takardun an shanya su, kamar tsumman jariri. Waɗanda suka bushe sai su shiga wani akwatin ƙarfe. A can ƙasan akwatin zangarniyar Iya take kwance, naɗe cikin farin ƙyalle.

Niyyata daga Kano in juya. Ina cikin shirin haka na haɗu da Isufu, wani mai kanwa mutumin Bande, a bakin kasuwa. Muka gaisa, sai na ga yana kauda ido.

Na ce, "Isufu, gida lafiya dai?"

Ya ce, "Lafiyar rai, da sauƙi. Wuta ce ta tashi daga darni ta bi rumbunanku duka, har na maƙwabta. Ba wanda ya ƙone."

"Damin iri fa?"

"Shi ma."

Ya ce mutanen Waca da na Kwaya sun kai musu hatsi, ba za su mutu da yunwa ba, irin shuka ma za a samu, na geron zango da maiwa. Amma Ɗan Gwamma mu kaɗai ke noma shi da maƙwabtan nan, kuma rumbunanmu jere suke a layi ɗaya.

Na ce, "Iya ta ce me?"

"Ba ta ce komai ba. Kullum da safe dai takan je ta tona tokar da tsinke."

Na koma masauki na zauna kusa da akwatin ƙarfen. Duk duniyar Allah, abin da ya rage na geron kakata yana nan cikinsa, tsakanina da shi bai fi kamu guda ba. Kai da kake rubutu za ka ce, to me ya hana ka roƙa? Ku yaran yanzu ba ku san kunya ba. Iya ce ta bayar da hannunta, kyauta, jama'a na kallo. Ɗanta ya bi baƙo har Kano ya ce a maido? Wannan ai amai ne a lashe, kuma sunan Iya zai ɓaci ba nawa ba. Na ce wa kaina bari in raka shi Zazzau, ƙila a hanya bakina ya buɗe.

A Zazzau na bi rumfunan masu hatsi ina tambayar gero mai jan gashi, ko Allah zai sa wani ya taɓa kawo shi nan in huta. Wani mai hatsi mai zaƙin baki ya ce, "Ɗan Gwamma? Haba, ai shi muke ci a gidana." Ni kuwa wawa, ban tuna ni na faɗa masa sunan ba. Ya shiga ciki ya fito da ƙunshi, ya ce ba ya sayar da shi, amma tunda ya ga ni mutumin kirki ne in ba shi wuƙar da ke ɗamarata. Wuƙar ubana ce. Na kwance na ba shi. Da na fito rana na buɗe ƙunshin, maiwa ce tsohuwa aka murza da jar ƙasa. Na koma na tarar da wani yaro a rumfar, wai bai san kowa mai irin wannan kamanni ba. Har yau in na tuna sai na ji haushin kaina ya fi na mutumin.

Daga Zazzau ƙasa ta fara sauya fuska. Gawo ya ɓace, aduwa ta ɓace, sai kaɗanya da ɗorawa, daga baya kuma itatuwan da ban san ko sunansu ba. Ga duwatsu manya, kowanne zaune shi kaɗai a daji kamar an manta da shi. A wannan hanyar na san Malam Ganye, don ba ya son doki, tare muke takawa. In lokacin salla ya yi, shi ke riƙe mini jaki, ya cire malafarsa ya tsaya har in sallame.

Ya ce ubansa mai kula da lambu ne a gidan wani attajiri. Shi aka sa karatu har ya zama limamin wani ɗan ƙauye a bakin teku, inda rana ke fitowa sai an roƙe ta. Ranar Lahadi ya hau ya yi wa'azi tsofaffi na gyangyaɗi, sauran kwanaki yana bin gindin katanga yana duban gansakuka. Da gemunsa ya yi fari, manyansa suka turo shi ƙasar Hausa.

Ya ce, "Nomau, mutane aka aiko ni in kamo. Ga shi ciyawa kawai na kamo."

Na ce, "Malam, mutanen ai suna da mai su."

Ya ce haka shi ma ya lura.

Wai a ƙasarsu akwai wani gida da ya fi fadar Damagaram girma, ba kowa a ciki sai busassun ganyaye, kowanne manne a takarda da sunansa. Can za a kai kayan da muke ɗauke da su. Na tambaye shi ko magani ake yi da su, ya ce a'a. Ana ci? A'a. To ana shukawa? Ya ce a'a, ana dai sanin su. Ban yi masa dariya ba, don na ga mutumin kirki ne.

Kafin Kaffi ƙudan tsando ya kashe mini jaki. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, tun yana ɗan aholaki nake tare da shi. Kayansa aka raba wa ƴan alaro, masu dakon da Malam ya ɗauka, ni kuwa na naɗa gammo na ce akwatin ƙarfen nawa ne. Tun daga ranar ban san ko tafiya nake ko mafarki ba. Rana na dukan ƙarfen, ƙarfen na dukan kaina, in na taka sai in ji wani ɗan motsi a ciki, shuu, shuu, irin na gona in iska ta bi ta. Wani lokaci in ga hanyar ta zama kunya-kunya, Iya na gabana da ƙoƙon iri tana jefawa tana takewa da diddige, in na ɗaga ƙafa in cim mata sai ta zama kututture. In mun yada zango da tsakar rana na kishingiɗa, sai in ga geron ya huda akwatin ya tsiro, saiwarsa ta bi ta kaina ta sauka har ƙirji. Ba ciwo, daɗi ma nake ji, sai dai in na farka bakina ƙanshin tumu yake, wannan sabon geron da muke gasawa a bakin gona.

Shugaban ƴan alaro, wani Bakano mai suna Ɗan Ladi, ya gane halin da nake ciki. Wata rana Malam na barcin rana ya zauna kusa da ni.

Ya ce, "Kai dai baƙauye ne na ƙarshe. Akwati a kanka, mai shi na minshari. Zare abinka ka sa masa wata, gero ai gero ne."

Na ce, "Mutumin da ke ƙirga gashin ganye da madubi ne ba zai gane ba? Kuma mu a wurinmu irin sata ƙuduji yake kira, ciyawar nan mai kashe gero. Gara in rasa da in kai wa Iya shi ta tambaye ni yadda na samu."

Ya ce, "To zauna nan, kunya za ta noma maka."

Na ji zafin maganar, don akwai gaskiya a cikinta.

A Loko muka shiga kwalekwale a Binuwai. Ni da na girma ina jan guga a rijiya mai zurfin gaba da gaba, ga ruwa kwance ba mai shi, ba mai tsaronsa, yana ta tafiya abinsa. Kwana da kwanaki muna bisa kansa, bakin gaɓa na wucewa a hankali, farin yashi, dorina na hamma, mata na wanki suna ɗaga mana hannu. A nan masassara ta kwantar da Malam. Yana shan wani farin magani mai ɗaci, ni ina jiƙa tsumma ina ɗora masa a goshi. Wata safiya jikinsa ya ɗan yi sauƙi, na ce yau zan faɗa, ko me za a yi a yi. Na gyara murya. Sai shi ya riga ni, ya ce in buɗe akwati in ɗauko masa zangarniyar.

Ya kwance ƙyallen ya ɗaga ta ga rana, gashin nan ya kama haske ja-ja. Ya ce matarsa ta rasu shekarun baya, ba su haihu ba. Ita ce ke sauya masa takardu, aikin da nake yi yanzu. Gashin kanta, in ji shi, wannan launin ne sak. Ya ce duk abin da ya tara a rayuwarsa wasu sun riga shi gani, amma wannan geron bai taɓa ganin an rubuta shi ba, kuma a al'adarsu wanda ya fara kai tsiro gidan nan shi ke sa masa suna. Sunanta zai sa. Ya faɗi sunan, harshena bai taɓa iya juya shi ba.

Ya ce, "Kana da magana ne, Nomau?"

Na ce, "A'a, Malam. Allah ya ji ƙanta."

Na mayar da zangarniyar cikin ƙyalle. A lokacin na lura ƙwari sun fara cin gindinta.

Lakwaja gari ne da gumi ba ya bushewa. Nan Binuwai da Kwara suka haɗu, ruwa biyu launi biyu suna tafiya gefe da gefe ba su gauraya ba sai can nesa. Malam ya sauka gidan wani Bature ɗan kasuwa yana jiran jirgin hayaƙi da zai kai shi teku. Aka sallami ƴan alaro, ni na ce zan tsaya har ya tashi. Damina ta riga ta fara leƙowa a can, hadari na taruwa da yamma, kuma na san in ruwa ya sauka a nan, arewa zai nufa. Sai ga Malam ya fito da wani farin gari ya narka shi a wani ruwa mai warin giya. Ya ce dafi ne, kada in taɓa ko da yatsa. Zai shafa wa kowane ganye da gashin kaza kafin a rufe akwati, don kada ƙwaro ya ci. Na tambaye shi, in aka shafa wa iri fa? Ya ce ba ya ƙara tsirowa. Ya fara daga saman akwati, kullum yana yin ƙasa.

Abinci ya ƙi shiga mini. Doya ce safe da yamma, da manja, ni kuwa ko a mafarki fura nake gani. Akwai wata tsohuwa mai sayar da dafaffiyar doya gindin wani rimi a bakin ruwa. Na zauna wurinta ina juya loma, sai na ga ta ƙura wa fuskata ido.

Ta ce, "Ɗan nan, wannan tsagar ta mutanen Waca ce."

Na kusa ƙwarewa. Ashe ƴar wajen Dungas ce. Tana yarinya aka kama ta a harin da aka kai ƙauyensu, aka yi ta sayar da ita hannu zuwa hannu har ta tsufa a nan, ta fanshi kanta. Hausarta ta gauraya da Nufanci, amma in ta ce "ɗan nan" sai ka rantse a Dungas kake. Ba ta tambaye ni wane ne sarki ba, ba ta tambayi kowa ba, ta ce ta san duk sun mutu.

Ta ce, "Har yanzu gawo na zubar da ganye da damina?"

Na ce, "Yana zubarwa, Gwaggo."

"Ashe ba mafarki na yi ba. Nan in na faɗa sai su ce ƙarya nake, wane itace ne zai tuɓe lokacin ruwa." Sannan ta ce, "Ana gasa tumu?"

Daga nan ban san lokacin da na kwashe labarina duka na zuba mata ba. Ta saurara tana korar ƙuda daga kan doya. Da na gama ta harare ni.

Ta ce, "Kai dogo ne har hankalinka bai kai sama ba. Wa ya ce ka karɓi kyauta? Kyauta ta zama tasa, ta tafi. Yanzu shi ne mai iri, kai ne marar iri. A garinku yaya marar iri ke yi?"

Na ce, "Yakan ɗauki ƙoƙo da safe ya je ƙofar mai iri, ya tuɓe takalmi, ya gaishe shi, ya ajiye ƙoƙon a gabansa."

"Ana hana shi?"

"Ba a hana iri, Gwaggo."

"To ga ƙoƙo."

Na ce, "Shi fa Nasara ne, bai san wannan ba."

Ta ce, "Sai ka sanar da shi. Ba kai ka ce sani ya zo nema ba?"

Washegari na wanke rigata na sa ta da ɗanyenta. Na tarar da Malam a ƙarƙashin rumfa, kwanon dafin a gefensa, akwatin saura kaɗan ya kai ƙasa. Zangarniyar na kan tebur an kwance mata ƙyalle. Na tuɓe takalmi daga nesa, na yi sallama, na durƙusa. Na gaishe shi da kwana, da gajiya, da iyali, da mutanen garinsu, kamar ba jiya muka rabu ba. Yana amsawa yana kallona. Sannan na ajiye ƙoƙon a gaban ƙafarsa na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Ruwa kake so, Nomau?"

Na ce, "Malam, ni manomi ne da wuta ta cinye wa iri. Na ji an ce kana da shi."

Sai na ba shi labarin gobarar, da na Gwamma da karanta guda, da Iya da tsinkenta cikin toka. Na gaya masa yadda marar iri ke yi a ƙasarmu. Ya ajiye gashin kazar a hankali.

Ya ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Tun Kano."

"Ka ɗauke ta a kanka daga Kaffi har nan, ba ka ce komai ba?"

Na ce, "Iya ce ta ba ka."

Ya daɗe yana murza gemu. Sannan ya ɗauki zangarniyar ya juya ta, ya ce zai kankare mini ƙwayoyin can wajen tsini, ai ba za a lura ba. Nan ne wurin da ya fi mini wuya a duk tafiyar, ya fi mutuwar jakina. Na ce masa na tsini ƙanana ne, ba sa yin kara mai ƙarfi, na gindi kuma ƙwari sun riga mu. Iri daga tsakiya ake cire shi. Ya dubi zangarniyar, ya dubi ruwa, ya sake dubanta. Na san abin da yake gani, tsakiyar ce ta fi jan gashi. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na so in ɗauki ƙoƙona in tafi.

Ya zaro ƴar wuƙarsa ya ce, "Nuna mini."

Na ɗora babban yatsana da na tsakiya, taƙi guda. Ya yanka nan, ya yanka nan. Ya ɗauki tsakiyar da hannu biyu, yadda ya ga muna miƙa abu, ya sa a ƙoƙon. Sauran guntaye biyun ya jera su a kan takarda, ya ce in sake ɗora yatsuna a tsakaninsu, don mutanen can su san ainihin tsawonta. Ya manne su haka, da giɓi a tsakiya. Sannan ya ɗauki alƙalami.

Ya ce, "Faɗa mini sunan kakarka, a hankali."

Na ce, "Gwamma. Amma Malam, matarka fa?"

Ya ce, "Da tana nan, da ita za ta riga ni ɗaukar wuƙar."

Na gaya masa saura abu ɗaya. Wanda aka ba iri, in ya girbe yakan kai wa mai shi zangarniya guda, mafi kyau. Na ce to ni ina zan kai masa? Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce in ajiye masa.

Na koma gindin rimi da gudu. Gwaggo ta murje ƙwayoyin da tafinta, ta gauraya su da tokar murhunta don ƙwaro, ta ɗura a wani ɗan gora ta toshe da tsumma. Duka-duka bai cika tafin hannu biyu ba. Ina miƙa hannu in karɓa sai ta cire takalminta, tsohuwar nan da ta isa ta haifi uwata, ta ɗauko wani ƙoƙo ta ajiye a gabana. Na ji kamar a cire mini haƙori. Amma ai ba a hana iri. Na tsiyaya mata kaɗan. Ta ce bayan ɗakinta akwai tudu, ko kara ɗaya ya yi mata, so take ta ci tumu kafin ta mutu. Ban san ko ya yi a wannan ƙasar mai ruwa ba, ban ƙara jin labarinta ba.

Ban jira jirgin ba. Malam ya rako ni har bakin ruwa, ya cire malafarsa kamar yadda yake yi in ina salla. Na bi ayarin ƴan goro zuwa arewa, goran rataye a wuyana cikin riga, ruwan sama na bina a baya. In na waiwaya hadari ne baƙi ƙirin, in na dubi gaba fari fat. Ya cim mini a Kaffi, na tsere masa, ya sake kama ni a Zazzau. Ƙafafuna suka tsage, na rame har zoben azurfana ya zame ya ɓace ban sani ba. Shamuwa na wuce ni a sama garke-garke, ina ce musu in kun isa ku ce wa Iya ta dakata. A Kano ko kwana ban yi ba. Da na wuce Magarya na ga gawon farko tsirara ba ganye, sai na zauna gindinsa na yi ta dariya ni kaɗai.

Ruwan shuka ya sauka kwana guda kafin in isa. Gari duk an fita gona, ƙasa na ƙanshi. Na tarar da Iya zaune kusa da sabon rumbu, ita kaɗai ba ta fita ba. Ta tsufa a rani ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce na yi baƙi. Na ciro goran na miƙa mata. Ta zuba a tafinta, ta hure tokar, ta kai kusa da ido. Akwai ɗan guntun jan gashi da ya maƙale a ciki, ta ɗauke shi da farce ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Karɓowa ka yi?"

Na ce, "A'a, Iya."

"Sata?"

"Ƙoƙo na ajiye masa."

"Ya bayar?"

"Da hannu biyu."

Ta rufe tafinta, hawaye na bin tsagar fuskarta. Ta ce, "To ɗauko sungumi."

A tsohon makwancin shanu muka shuka shi, bayan gida, ni ina sara tana jefawa tana takewa da diddige, kamar dai yadda na riƙa ganinta a hanyar Kaffi. Shekarar nan ko jariri bai ɗanɗana tumunsa ba. Yau kuwa daga Waca har Dungas ana noma Ɗan Gwamma, wasu ma ba su san mace ce ba.

Kowace kaka nakan zaɓi zangarniyar da ta fi kyau in soke ta a rufin rumbu, ta Malam Ganye ce. Da Faransawa suka zo na taɓa kai ta biro, wato ofishin kumandan, ina tsammanin Nasara duk sun san juna. Mai gadi ya karɓa ya ce za a ba doki. Ban ƙara ba. In shekara ta zagayo ba wanda ya zo, sai in ba duk wanda ya fara ajiye ƙoƙo a ƙofata, in zaɓi sabuwa. Na san ya daɗe da mutuwa, tun a lokacin ma tsoho ne. Amma cewa ya yi in ajiye masa, bai ce har yaushe ba.

Kai da ke karatu, in takardar nan taka ta kai ka ƙasarsu, ka nemi gidan busassun ganyayen. Ka ce su nuna maka zangarniyar gero mai giɓi a tsakiya, da sunan kakar kakanka a ƙasa. Ka tafi da ta bana, tana nan a rufin rumbu. Tsakiyar kawai za ka yanka ka cike musu wurin. Miƙo hannunka in nuna maka, taƙi guda ne, da yatsun nan nawa aka auna.